Injin lantarki na kwalekwale yana juyawa a sama, amma yana mutuwa a cikin ruwa

Baban Sadik, Bukuru:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar wuta da injuna. Ina kiwon tarwada a keji a cikin ɗaya daga cikin tsofaffin kududdufan haƙar kuza da ke wajen Bukuru, kuma da yake kejin suna tsakiyar ruwa ne, inda hannun ɓarawo ba ya kaiwa cikin sauƙi, sai na sayi ƙaramin jirgin faiba da injin lantarki na gwanjo, irin wanda ake ɗaurawa a bayan jirgi a riƙe hannunsa ana tuƙi. An rubuta 55 a jikinsa, batir ɗaya mai bolt 12 yake ci, kuma yana da lamba biyar ta gaba da uku ta baya. Wata bakwai ya yi yana kai ni yana dawo da ni lafiya lau. Tun shigowar hunturu ƙarfinsa ya fara raguwa, har ta kai idan na sa shi a lamba ta biyar sai ya yi kamar minti goma ya soma ja da ƙyar, bakin kada, wato maƙalin ƙarfen bakin waya da nake maƙalawa a kan batir, kuma ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Jiya da safe ya tsaya cak ina tsakiyar ruwa da buhu huɗu na abincin kifi, sai da na ɗan bubbuga gindinsa da filafili sannan ya tashi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan na ɗaga shi sama na kunna, farfelar tana juyawa da gudu kamar babu abin da ya same ta. Batirin mota nake amfani da shi, mai 75Ah, wato awon yawan wutar da yake iya ajiyewa, kuma na ƙara wa wayar injin tsawon mita huɗu domin batir ya zauna a gaban jirgi.

Mai Rewaya, Farin Gada:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Duk injin lantarki da zai tsaya, a buge shi, ya tashi, to kabon ɗinsa, wato ɗan baƙin guntun da ke miƙa wuta ga sashen da ke juyawa, shi ne ya cinye ko ya maƙale a gidansa, domin haka kik mai tayar da injin mota yake yi kullum a gabanmu. Ka kawo shi gareji in buɗe, aikin da bai wuce sa'a ɗaya ba ne.

Injiniya, Rayfield:
Malam mai rewaya, maganarka tana kan hanya, amma ina roƙon a dakata da buɗewa tukuna. Gindin wannan injin a cikin ruwa yake rayuwa, an rufe shi da robobi masu hana ruwa shiga, kuma duk ranar da aka buɗe shi ba tare da sababbin robobi a hannu ba, an buɗe wa ruwa ƙofa ke nan. A bar kaza cikin gashinta sai an gama da abin da ke waje.

Alhaji, juyawar da yake yi a sama ba shaida ba ce ta lafiya. A sama farfela ba ta tura komai sai iska, saboda haka wuta kaɗan take ja, ko batirin da ya kusa mutuwa da waya siririya za su iya juya ta. A cikin ruwa kuwa, injin da aka rubuta wa 55, wato mai turin fam 55, kimanin kilo 25, yana jan wutar da ta kai amfiya 50 a lamba ta biyar. Wannan wuta ce mai yawa, kuma ita ce take tona asirin kowace mahaɗa mai rauni. Kafin mu ci gaba, wace irin waya ka yi ƙarin da ita, kuma yaya ka haɗa ta da ta asali?

Baban Sadik, Bukuru:
Wayar haɗa wutar gida ce, mai 2.5, ragowar wadda aka yi mini aiki da ita a shago. Murɗe su na yi da hannu na naɗe da baƙin tef.

Injiniya, Rayfield:
To ga lissafin, kowa ya duba. Mita huɗu zuwa, mita huɗu dawowa, wuta tana bin mita takwas ke nan. Wayar jan ƙarfe mai kaurin 2.5 a wannan tsawon za ta cinye kusan bolt 2.8 idan amfiya 50 na bi ta cikinta, kuma abin da ta cinye ɗin zafi yake komawa, kimanin wat 140, kamar ka shimfiɗa ƙaramin abin dumama ruwa a ƙasan jirginka. Wannan ma idan wayar jan ƙarfe ce zalla, domin akwai wadda ake sayarwa a kasuwa da alminiyam a ciki da fentin jan ƙarfe a waje, ita kuwa asararta ta fi haka. Idan ka kankare silin wayar da wuƙa ka ga fari a ciki, to ita ce.

Amma kada ka ɗauki maganata sai ka auna. Ka ari mita, ka sa ta a awon bolt na batir, ka yi awo uku. Na farko, a kan batir da safe kafin ka kunna komai, bayan ya kwana ba a kan caji ba. Cikakken batir yana nuna 12.6 zuwa 12.7, idan ya nuna 12.2 to rabinsa ya tafi. Na biyu, ka ɗaure jirgin a bakin ruwa, injin yana ciki, ka sa lamba ta biyar, ka ɗora allurar mita a kan dalmar batirin kanta, ba a kan bakin kada ba. Na uku, injin yana ci gaba da aiki, ka auna a daidai inda wayarka ta haɗu da wayar injin. Bambancin na biyu da na uku shi ne abin da waya da mahaɗai suke sace maka.

Abu Hanifa, Angwan Rogo:
Ni a ganina lodi ne ya yi masa yawa. Mutum da batir da buhu huɗu a kan wannan ɗan injin, ai dole ya gaji.

Injiniya, Rayfield:
Ba lodi ba ne, ɗan'uwa. Ƙa'idar da masu ƙera irin waɗannan injuna suke bayarwa ita ce fam biyu na turi ga kowane fam ɗari na nauyin jirgi da kayansa, saboda haka mai 55 zai iya da abin da ya haura tan ɗaya a ruwan da ba ya gudu. Buhu huɗu masu kilo 15 kilo 60 ne kawai. Abin da zan yarda da shi a maganarka shi ne, ba a yi injin don a danna shi a lamba ta biyar daga tashi har sauka ba. Tun da aka fara ƙera shi a garin Fargo na Amurka a 1934, manufarsa ita ce mai fatsa ya riƙa lallaɓawa a hankali ba tare da ƙarar da za ta kori kifi ba.

Maman Yusra, Terminus:
Sallama gare ku. Ni sana'ata sayar da kayan sola ce, kuma ina so in tsoma baki a kan batirin, domin na ga an wuce shi da sauri. Alhaji, batirin mota an yi shi ne don ya ba da wuta mai ƙarfi na daƙiƙa kaɗan ya tayar da inji, daga nan mota ta ci gaba da cika shi. Farantan dalmar da ke cikinsa sirara ne, ba sa jure a riƙa zuƙe su har ƙasa kullum ana sake cikawa. Wata bakwai kana yi masa haka, ina tabbatar maka 75 ɗin da ke jikinsa yanzu suna ne kawai. Ga kuma sanyin Jos a wannan lokaci, wanda yake rage wa batirin dalma kuzari, musamman da sassafe da kake fita, shi ya sa matsalar ta bayyana da shigowar hunturu. Abin da ya dace da kai shi ne irin batirin sola ko na inbata, mai farantai masu kauri, aƙalla 100Ah, kuma ko shi kada ka riƙa shan fiye da rabinsa, sannan ka sa shi a caji a ranar da ka dawo, kada ya kwana a sauke.

Mai Rewaya, Farin Gada:
Hajiya, da girmamawa, kowa tallan hajarsa yake yi. Na ga mutane da yawa suna amfani da batirin mota a kan abubuwa irin wannan shekara da shekaru. Kuma batir ko waya ba su bayyana dalilin da ya sa injin ya tashi da aka buge shi ba. Wannan tambayar har yanzu babu wanda ya amsa ta.

Maman Yusra, Terminus:
Malam, ban ce ya saya a wurina ba. Ya ari na wani ya gwada na kwana ɗaya, gani ya kori ji.

Baban Sadik, Bukuru:
Na gode muku duka. Na yi awon yau da safe tare da yaron da ke taya ni. Kafin kunnawa batir ya nuna 12.4 duk da cewa jiya na cika shi. Da na sa lamba ta biyar a cikin ruwa, kan batir ya sauka zuwa 11.3, a mahaɗar wayar injin kuwa 8.6 na gani. Da na warware tef ɗin, sai na tarar da silin wayar ya yi kore, wasu sun tsinke, tef ɗin ma ya narke ya manne. Yanzu na sayo wayar walda mai 16 a Dilimi, an matse mini kawunan jan ƙarfe a bakinta, na cire bakin kada na ɗaure da noti, na kuma sa abin yanke wuta mai amfiya 60 kusa da batir kamar yadda Injiniya ya gaya mini ta waya. Maƙwabcina ya ara mini batirin sola. Gaskiya ƙarfi ya dawo, jirgin ya tashi yadda ban taɓa gani ba. Sai dai wata sabuwa ta fito: injin yana kakkarwa a hannuna, ina jin ƙara kamar ana niƙa tsakuwa daga ƙasa, kuma bayan kamar minti goma sha biyar abin yanke wutar ya faɗi. Na mayar da shi, ya sake faɗuwa.

Dattijo Masunci, Gangare:
Ɗana, jikana ne yake karanta mini abin da kuke rubutawa, shi ne kuma yake rubuta wannan. Na yi shekaru ina su a Yawuri kafin in dawo Jos, kuma duk injin jirgin da na sani, na fetur ko na wuta, babban maƙiyinsa zare ne. A kududdufan nan yara suna jefa fatsa, wasu suna kafa kalli da dare, zaren roba ya tsinke ya rage yana yawo a ruwa ba a ganinsa. Farfela tana naɗe shi a bayanta, inda ido ba ya kaiwa. Tun da ka sayi injin nan, ka taɓa cire farfelar ka duba bayanta?

Baban Sadik, Bukuru:
Baba, wallahi ban taɓa ba. Ciyawa da gansakuka kawai nake cirewa daga waje.

Injiniya, Rayfield:
Baba ya riga ni, da tsohuwar zuma ake magani. Faɗuwar abin yanke wuta tana nufin injin yana jan fiye da ƙa'idarsa, wato akwai abin da yake riƙe shi. A da siririyar wayar ce take hana wutar wucewa, shi ya sa ba ka gani ba. Alhaji, ka fara cire waya daga batir kafin ka kai hannu, domin farfelar nan tana yanke yatsa. Ka riƙe ta da tsumma, ka kwance notin da ke tsakiya, ka zare ta. A bayanta akwai ɗan guntun ƙarfe da ya ratsa sandar injin, shi ne yake juya farfelar. Ka duba ko ya lanƙwashe, domin lanƙwasarsa tana kawo kakkarwa. Bayan ka share wurin, ka juya sandar da hannu. Lafiyayyen inji za ka ji yana ɗan tirjewa daki-daki, wannan jan maganaɗisu ne, ba matsala ba ne. Idan kuwa ka ji gurzawa ko sandar tana wasa gefe da gefe, to boris, wato zoben da sandar take juyawa a cikinsa, ya tafi.

Baban Sadik, Bukuru:
Baba, Allah ya ƙara girma. Da na zare farfelar, sai ga zaren fatsa kore ya naɗe sandar ya yi tauri kamar zobe, wani ɓangarensa ya narke ya zama dunƙule, sai da reza na yanka shi, da na warware ya fi gaba biyar. Ƙarshensa ya kutsa cikin baƙar robar da ke kewaye da sandar ya yaga leɓenta. Guntun ƙarfen ma ya lanƙwashe kaɗan. Da na karkata injin farfela ƙasa, sai ruwa mai launin shayi ya ɗiɗɗigo daga wurin.

Injiniya, Rayfield:
To yanzu buɗewa ta zama dole, kuma Malam mai rewaya, na sallama maka, ga alama kabon ɗin da ka faɗa tun farko yana cikin lamarin. Ruwa ya shiga ta robar da zare ya yaga, tsatsa ta kama ɗan sifirin da ke tura kabon, kabon ya daina manne sosai wa amecha, wato sashen da ke juyawa a cikin injin, shi ya sa duka yake tayar da shi. Ina roƙon abu uku kawai idan za ka buɗe. Ka ja layi da fenti ko ƙusa a kan sassan gindin kafin ka kwance dogayen ƙusoshin nan biyu, domin sashen tsakiya shi ne mai maganaɗisu, idan aka mayar da shi a juye injin zai riƙa tafiya da baya a lambar gaba. Wajen zare amecha da mayar da ita a riƙe da kyau, domin maganaɗisun yana fizgarta da ƙarfi, yana iya datse yatsa ko ya ɓantare. Sannan kada a ja wayoyin da suka sauko ta cikin doguwar sandar, a irin wannan injin mai lamba biyar wasunsu suna zuwa ne ga koyil ɗin rage gudu da ke gindin, wanda ruwan waje ne yake sanyaya shi. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba a barin injin yana aiki a sama fiye da ɗan lokaci.

Mai Rewaya, Farin Gada:
Babu komai, Injiniya, ni ma na ƙaru da lissafin waya. Alhaji ya kawo shi da yamma, kuma ga abin da na tarar. Ruwan da ke ciki ya kai cokali biyu. Kabon ɗaya ya maƙale a gidansa da tsatsa, ɗayan ya cinye ya wuce rabi. Jan ƙarfen kan amecha, inda kabon yake gogawa, ya yi baƙi, na goge shi da sanfefa mai laushi har ya yi haske, na share tsagogin da ke tsakani da tsinke. Na auna tsakanin jan ƙarfen da sandar, babu haɗuwa, ga alama amecha ba ta ƙone ba, maganaɗisun ma suna nan a manne ba su tsage ba. Boris ya yi tsatsa, amma akwai lamba a jikinsa, na samu irinsa a Dilimi. Matsalar kabon ce. Ba na jin za a samu nasa a garin nan, don haka shawarata ita ce in samo kabon na kik ɗin ƙaramar mota in goge shi a kan sanfefa har ya shiga gidan daidai. Na sha yin haka.

Abu Hanifa, Angwan Rogo:
Me zai hana a sa na injin gurza ƙarfe? Yana da araha kuma ko'ina akwai shi.

Injiniya, Rayfield:
Wannan kam a'a. Kabon na injin gurza ƙarfe an yi shi ne don wutar gida mai bolt 230 da amfiya kaɗan, wayarsa ma siririya ce. Idan amfiya 50 ta bi ta cikinsa zai yi zafi ya ƙona gidansa. Na kik ya fi kusa, domin yana da jan ƙarfe a gauraye kuma yana ɗaukar wuta mai yawa, sai dai an yi shi ne don aikin daƙiƙa kaɗan, ba don ya yi rabin sa'a yana gogawa ba, kuma ina tsoron ya riƙa cin kan amecha, wadda ita ce mai tsadar. Idan ra'ayina za a bi, a sa na kik ɗin a matsayin na wucin gadi domin kifi ba za su jira ba, amma a yi odar cikakken saitin gyara na ainihin injin, wanda yake zuwa da kabon da robobi da sil, wato robar da ke hana ruwa shiga ta gefen sanda, ta hanyar lambar da ke ƙarƙashin kan injin.

Abin da ya fi damuna shi ne sil ɗin sandar da robobin zagaye na jikin gindin da na kan dogayen ƙusoshin. Malam, don Allah kada a cika wurin da gam a ce an toshe. Sanda juyawa take yi, gam ba ya riƙe abin da ke juyawa.

Mai Rewaya, Farin Gada:
A nan kam sai mun ɗan saɓa. Sil na samu mai girmansa a wurin masu kayan babur, na auna ciki da waje da kauri duk sun yi daidai, biyu na saya domin biyu na tarar a ciki, ɗaya a bayan ɗaya. Amma manyan robobin zagayen sun baje, kuma babu irinsu. Niyyata in mayar da tsofaffin in shafa musu siririn gam na inji a kai. Ba a kan sanda ba, a kan mahaɗar da ba ta motsi.

Injiniya, Rayfield:
Idan a mahaɗar da ba ta motsi ne, kuma siriri ne, zan iya kawar da kai har saitin ya iso, amma da sharaɗin a gwada kafin a mayar da shi aiki. A bar cikin ya bushe sarai a rana, a shafa wa leɓen sil giris, a ɗaure ƙusoshin biyu bi da bi ba tare da an matse ɗaya gaba ɗaya an bar ɗaya ba. Daga nan a tsoma gindin a cikin diram, a buɗe kan injin, a hura iska kaɗan da famfon keke ta bakin doguwar sandar ana toshe gefen da tsumma, a duba ko kumfa zai fito. Iska kaɗan nake nufi, domin mai yawa tana iya ture sil ɗin daga mazauninsa. Tunda an buɗe kan, a duba ƙafafun makunnin lambobin, domin zafin da aka yi wata bakwai ana yi yana iya sa su baƙi ko su saki. Alhaji kuma, idan damina ta zo kada ka bar injin a tsaye a jirgi ruwan sama yana dukan kansa, domin ruwan yana iya bin cikin sandar ya sauka gindin ko da sil ɗinka sabo ne.

Dattijo Masunci, Gangare:
Ɗana, ka riƙa cire farfelar nan duk Juma'a kana dubawa, kuma ka ajiye guntun ƙarfen nan guda biyu da sifana a cikin jirgi. Filafili kada ya bar jirgin, rigar ruwa kuma ka sa ta a jikinka, ba a ƙarƙashin buhu ba. Ramin kuza ba kogi ba ne, ba shi da tudu a gefe, daga baki sai zurfi, ruwansa kuma da sanyin da yake ɗaure ƙafa.

Baban Sadik, Bukuru:
In sha Allahu, Baba. An haɗa injin jiya, mun gwada a diram babu kumfa. Yau na yi zuwa da dawowa sau uku a lamba ta huɗu, sau ɗaya a ta biyar, ƙarar ta ɓace, abin yanke wuta bai faɗi ba, kuma bambancin awon kan batir da na mahaɗa bai kai rabin bolt ba. Lamba ta biyu ce kawai take ɗan yankewa sai na motsa hannun, Malam ya ce ƙafar makunnin ce ta yi baƙi, zai kankare ta ranar Asabar. Na tura wa ƙanena da ke Abuja hoton lambar injin domin ya yi odar saitin. Hajiya, gobe maƙwabcina zai karɓi batirinsa. Tsakanin na dalma mai 100Ah da na litiyam mai 100Ah, wanne kike ganin ya dace da jirgi, kuma cajar da nake da ita ta mota za ta yi wa na litiyam ɗin?

Maman Yusra, Terminus:
Na litiyam bai kai rabin nauyin na dalma ba, kuma kana iya shan mafi yawan wutarsa ba tare da ya lalace ba, amma kuɗinsa ya fi, kuma cajar mota ba tasa ba ce, sai ka sayi wadda aka yi dominsa. Kafin ka biya, ka duba takardarsa ka tabbatar na'urar kariyar da ke cikinsa tana barin aƙalla amfiya 60 ta wuce ba yankewa, in ba haka ba zai kashe kansa da kansa da zarar ka sa lamba ta biyar. Ka auno mini faɗi da tsawon wurin da batir yake zama a gaban jirgin, sannan ka gaya mini ko ruwa yana taruwa a wurin.